Laraba: a yanke a 2.1 ko a 1.9?

Bayanan da muka ɗauko a Diamond, cibiyar nan ta Ingila da ake haska kiristal da hasken X-ray, makon jiya sun fito da kyau, alhamdu lillahi. Kiristal ɗin furotin ɗin nan da ya sha mini kai ya ba da ɗigo-ɗigo har gefen hoto, waɗanda da su ake gano siffar furotin ɗin. Zoben ƙarshe ne kawai, daga 2.1 zuwa 1.9 Å (ma'aunin kaifin bayanai: ƙaramar lamba, ƙarin kaifi), ya yi dishi-dishi, ko a yi aiki da shi ko a zubar.

Oga ya leƙo da kofin shayinsa, ko zama bai yi ba. "Ki yanke a 2.1. I/σ, ƙarfin ɗigo a kan hayaniya, ya faɗi ƙasa da 2, Rmerge ya haura sama. Sauran duk hayaniya ce."

Na ce, "Farfesa, ai CC1/2 yana wajen 0.5 a zoben."

Ya ce, "To ki tanadi amsar da za ki ba masu duba takarda." Ya wuce abinsa.

Maganar nan ta tsaya mini a rai har azahar. Shi Rmerge, ma'aunin saɓanin da ke tsakanin awon da aka maimaita, ai ƙaruwa yake yi in ka yawaita auna ɗigo ɗaya, wato ka ƙara ƙoƙari, lambar ta ƙara muni. CC1/2 kuwa raba awon ake yi gida biyu ba zaɓe, a ga ko rabin nan ya yi daidai da wancan. Tun 2012 Karplus da Diederichs suka nuna a mujallar Science cewa ɗigon da ake zubarwa don rauninsu suna gyara samfurin siffar furotin. Manhajojin tace samfuri, Phenix da REFMAC, ma suna rage wa raunanan nauyi da kansu. Zubar da su kamar barin kala ne a gona don ba ta cika dami ba.

Na bar gardama, na sa kwamfuta aiki. Na tace samfurin a 2.1, na sake tacewa a 1.9, sannan na lissafa Rfree (ma'aunin saɓanin samfuri da bayanai, ƙaramar lamba ta fi kyau) na duka biyun a kan bayanan 2.1 kaɗai. Nan gizo ke saƙar: in ka gwada su kowanne a iyakarsa, dole na 1.9 ya fi muni, tunda ya kwashi raunana. Rfree na samfurin 1.9 ya sauka ƙasa da na 2.1. Kaɗan, amma ya sauka. Har na yi 'yar guɗa, ta teburin kusa ta ɗago kai.

Abincin rana: ragowar shinkafar jiya. Kiran Hajiya biyu, ban ɗauka ba. Ruwa tun safe.

Da yamma na buɗe taswirorin furotin ɗin biyu a manhajar Coot, murna ta koma ciki. Ƙwayoyin ruwa 'yan kaɗan sun ƙara fitowa, amma madaukin furotin ɗin nan da ke kusa da inda magani ke maƙalewa yana nan a ɓace, a 2.1 da 1.9 duka. Shi ne fa abin da digirin nan ya rataya a kai. Ga shi ɗigon sun fi nisa ta wata fuskar kiristal ɗin fiye da wata, sai na bi ta STARANISO, manhajar da ke lura da wannan bambancin fuska, kuma daga nan lamba ɗaya ba ta isa ta faɗi iyakar ba.

Na tura wa Oga teburin Rfree ba tare da sharhi ba. Ya karanta tun ƙarfe shida. Shiru.