Yadda na koyi tantance nau'o'in kifin morei, daga haƙora zuwa gwajin DNA

Kifin morei, dogon kifin tekun nan mai siffar maciji da ke leƙo kai daga ramukan duwatsun murjani, dangi ne babba. Masana suna kiran dangin Muraenidae, nau'o'insa kuma sun kai kusan 200, fiye da rabinsu a cikin jinsi guda, Gymnothorax. Da aka danƙa mini aikin raɗa wa waɗanda aka tara a ɗakin bincikenmu suna, wasu a firiza wasu a kwalabe, wannan jinsin ne ya fi cinye mini lokaci. 'Ya'yansa sun yi kama da juna ƙwarai, ga shi babu abubuwan da aka saba kamawa a jikin sauran kifaye. Morei ba shi da ɓawo a fata balle a ƙirga, ba shi da fiffiken ƙirji ko na ciki. Fata ce sumul mai yauƙi, sai baki, sai 'yar kafar numfashi a gefen wuya.

Launi da zane su ne ido ke fara kamawa, su ne kuma shaidar da darajarta ta riƙa raguwa a wurina yayin da aikin ke tafiya. Koren morei na tekun Atilantika, Gymnothorax funebris, fatarsa duhu-duhu ce, yauƙi mai ruwan ɗorawa da ya lulluɓe ta ne ke sa a ga kore. Wani nau'in, Rhinomuraena quaesita, yana ƙarami baƙi ne, ya girma ya koma shuɗi, daga baya ya rikiɗe rawaya, har an taɓa ba baƙin da shuɗin sunaye daban. Kifin da ya kwana biyu a kwalba kuwa, sinadari ya riga ya cinye masa yawancin launin.

Saboda haka akwai jerin da ba na saɓawa idan sabon kifi ya zo. Hoto tukuna, yana ɗanye, da ma'auni da lambarsa a gefe. Sai in yanki 'yar tsoka don gwajin DNA daga ɓangaren dama, domin hagu ake bari don awo da hoto, in jefa ta cikin itanol mai ƙarfin kashi 95. Bayan nan ne gangar jikin za ta shiga fomalin, sinadarin da ke hana nama ruɓewa, mai kashi 10, daga baya a mayar da ita itanol mai kashi 70 don ajiya. Fomalin yana lalata DNA, shi ya sa tsofaffin kwalaben da ba a ɗebi tsokarsu tun farko ba, da awo da ƙirga kawai na yi aiki a kansu. Lamba ɗaya ce ke bin hoton, tsokar da jikin. Idan ta ɓace a wuri guda, sauran sun zama marayu.

A jikin, ina fara duba inda fiffiken baya ya soma. Idan ya faro daga kusa da kai ya bi gadon baya, kifin yana reshen Muraeninae. Idan babu shi sai can a ƙarshen wutsiya, reshen Uropterygiinae ke nan. Sai hanci. Kafofin gaba 'yan bututu ne a wurin kusan kowa, na baya ne ke rarrabewa: a jinsin Muraena su ma bututu ne a saman ido, a Gymnothorax kuwa galibi 'yan ramuka ne kawai.

Haƙora ne suka fi burge ni, nan kuma na fi daɗewa. Sai an tokare bakin da wani abu, domin ko mataccen morei yana yanka yatsa. Jinsin Echidna da nau'in Gymnomuraena zebra, masu cin ƙaguwa, haƙoransu dakusassu ne na murƙushe ɓawo. Jinsin Enchelycore muƙamuƙinsa a lanƙwashe yake, bakin ba ya rufuwa duka, fiƙoƙin suna waje ko ya yi shiru. A Gymnothorax sai an ƙirga: dogayen fiƙoƙi nawa ne a tsakiyar gaban baki, layi nawa ne a gefe, layi ɗaya ne ko biyu a ganda, bakin haƙorin sumul ne ko yana da ƙananan tsaga. Matsalar ita ce ƙaramin kifi kan kasance da layin haƙora na ciki wanda ke raguwa ko ya ɓace idan ya girma, don haka ba na gwada bakin yaro da na babba kai tsaye. Can cikin maƙogwaro kuma akwai muƙamuƙi na biyu mai nasa haƙoran. Rita Mehta da Peter Wainwright ne suka nuna a 2007 cewa yana zabura zuwa cikin baki ya cafko abinci ya ja shi ciki. Bai cika taimaka mini wajen raɗa suna ba, amma duk lokacin da ya fito a hoton ƙashi, wato X-ray, sai na tsaya na kalle shi.

Hoton ƙashin nan shi ne shaidar jiki da na fi yarda da ita. Ana soka allura a inda fiffiken baya ya fara, wata a dubura, a ɗauki hoton, sannan a ƙirga gaɓoɓin ƙashin baya sau uku: waɗanda ke gaban fiffike, waɗanda ke gaban dubura, da jimillarsu. Eugenia Böhlke ce ta daidaita wannan salon a 1982, kuma har yau da shi ake bayyana sabbin nau'o'i. Adadin ba ya canzawa da shekaru, sinadari ba ya taɓa shi. Yawancinsu sun haura ɗari, Rhinomuraena ya wuce 250. Sai dai a lura da wutsiya. Morei da aka taɓa gutsure wa wutsiya takan warke ta yi kamar lafiyayya, jimillar kuwa ta fito a gajarce.

Gwajin DNA ya zo a ƙarshe. Yankin da ake karantawa sunansa COI, mai haruffan DNA kusan 650, wanda Paul Hebert na jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar a 2003 a matsayin tambarin gane dabbobi. Ana ninka shi da PCR, dabarar yawaita kwafin DNA, a karanta jerin haruffansa, a gwada da abin da ke rumbunan bayanai irin su BOLD da GenBank. Bisa al'ada, bambancin da ya gaza kashi 2 cikin ɗari ana ɗaukarsa nau'i ɗaya, ko da yake wannan iyaka ta sauƙaƙa aiki ce kawai.

Ya warware mini wasu kulle-kulle cikin sauƙi. Akwai wani ƙarami mai manyan ɗigo baƙaƙe a warwatse, da wani babba mai zanen saƙar zuma, waɗanda da ido ba za ka haɗa su gida ɗaya ba. Jerinsu ya zo daidai, ƙirgar ƙashi ta amince: Gymnothorax favagineus ne duka, zanen ne ke sauyawa da girma.

Wani kifin kuma jerinsa ya dace kusan ɗari bisa ɗari da bayanai biyu masu sunaye daban a wani rumbu. A nan na gane abin da rumbun ke faɗa a zahiri: yana cewa kifinka ɗan'uwan wancan kifin ne da wani ya ɗora, sunan kuwa shi mai ɗorawar ne ya rubuta, bisa abin da idonsa ya gani. Idan ya kuskure, kuskuren zai bi duk wanda ya kwafa. Na bi bayanan biyu. Ɗaya yana da hoto da lambar jikin da ke ajiye a gidan adana, ɗayan suna kawai. Na koma kan asalin bayanin nau'o'in biyu, na gwada haƙora da ƙashi, suka tsaya tare da mai hoton. Tun daga nan bayanin da ba shi da jiki a bayansa ba na gina hukunci a kai. COI kuma daga uwa kaɗai ake gadonsa, ba zai nuna maka haɗin nau'i biyu ba sai an ƙara da wani yanki da ake gada daga iyaye biyu.

Nisan wuri ma ba hujja ba ce. Jariran morei siraran halittu ne garai-garai masu siffar ganye, suna yin watanni ruwa yana yawo da su a buɗaɗɗen teku. Binciken Joshua Reece da abokan aikinsa a 2010 ya gano Gymnothorax undulatus da Gymnothorax flavimarginatus kusan iri ɗaya suke a ƙwayoyin gado daga wannan gefen yankin tekun Indiya da Fasifik zuwa wancan. Kifi ya fito daga tsibirin da ba a taɓa ganin irinsa ba, wannan kaɗai bai sa ya zama sabon nau'i.

Akwai waɗanda har na gama shaidunsu ba su haɗu ba, ƙashi ya nuna nan, DNA ya nuna can. Su na rubuta musu sunan jinsi kawai, Gymnothorax sp., na haɗa ƙirgar, hotunan da jerin DNA ɗin a ƙarƙashin lambarsu, suna jiran a gwada su da ainihin kifin da aka fara raɗa wa kowane suna a kansa.