Darussan da na koya kan auna farin cikin jama'a da tsara manufofin gwamnati

A karatun da na yi na tsara manufofin gwamnati, darasin farko da na ɗauka game da binciken farin ciki shi ne cewa ana iya auna gamsuwar mutum da rayuwarsa, ko da yake ma'aunin ba ya rasa rauni. Hanyar da ta fi shahara ita ce a ce wa mutum ya ɗauka akwai tsani mai matakai daga 0 zuwa 10, sannan ya faɗi matakin da yake ganin rayuwarsa take kai a yanzu. Kamfanin Gallup yana yi wa mutane kimanin 1,000 wannan tambaya a yawancin ƙasashe duk shekara, kuma da amsoshinsu ake haɗa rahoton farin ciki na duniya da ake fitarwa tun 2012, wanda Finland ke kan gaba a cikinsa tun 2018. Jerin ƙasashen nan shi ne abin da jaridu suka fi ɗauka, amma a ganina shi ne mafi ƙarancin amfani ga mai tsara manufa, domin sanin cewa Finland ta fi wata ƙasa maki ba ya nuna wa ministan kuɗi aikin da ya kamata ya fifita a kasafi.

Amfanin binciken yana fitowa ne idan aka bi mutane iri ɗaya shekara da shekaru, kamar yadda ake yi a Jamus tun 1984, inda ake komawa gidajen da aka zaɓa duk shekara ana yi musu tambayoyi. Daga irin waɗannan bayanai masana suka gano cewa mutum yakan saba da abubuwa da dama, murnar aure takan lafa bayan 'yan shekaru, kuma raɗaɗin rabuwa yakan yi sauƙi, amma wanda ya rasa aikin yi ba ya komawa inda yake a dā muddin yana zaune haka, kuma raguwar gamsuwarsa ta zarce abin da asarar albashi kaɗai za ta bayyana. Ma'anar wannan ga gwamnati ita ce, tallafin kuɗi ba ya maye gurbin aiki, domin aiki yana ba mutum mutunci da abokan hulɗa da dalilin fita da safe.

Misalin da ya fi gamsar da ni daga Ingila ya fito. Masanin tattalin arziki Richard Layard da masanin halayyar ɗan Adam David Clark sun kafa hujja da cewa ciwon damuwa da fargaba suna cikin manyan abubuwan da ke jefa mutane cikin ƙunci, alhali kuɗin da ake kashewa a kansu kaɗan ne, kuma idan marasa lafiya suka warke suka koma bakin aiki, gwamnati za ta maido da abin da ta kashe. Da wannan hujja aka ƙaddamar da shirin jinya ta hanyar tattaunawa a 2008, aka horar da dubban ma'aikata. A 2021 kuma baitulmalin Birtaniya ya fitar da ƙa'idar da ta ƙiyasta ƙarin maki ɗaya na gamsuwa ga mutum ɗaya na tsawon shekara a kan fam 13,000. Sa wa farin ciki farashi abu ne da kunne ba ya so, amma da shi ne ake iya ɗora aikin titi da aikin jinya a sikeli ɗaya. New Zealand ma ta bi wannan hanya a kasafinta na 2019, inda ta ware dala biliyan 1.9 na kuɗinta domin lafiyar ƙwaƙwalwa.

Sai dai suna kaɗai ba ya yin aiki. Bhutan ta yi fice da manufar farin cikin ƙasa har ta sa ta a tsarin mulkinta na 2008, amma daga wannan ƙasa ce mutane kusan 100,000 masu magana da harshen Nepal suka yi gudun hijira a farkon shekarun 1990. A Najeriya kuwa, gwamnan Imo na wancan lokaci Rochas Okorocha ya naɗa 'yar'uwarsa kwamishinar farin ciki a 2017, abin da ya jawo surutu fiye da sauyi a rayuwar talaka.

Haɗarin da ya fi damuna shi ne wanda masanin tattalin arziki Amartya Sen ya daɗe yana jan hankali a kai, wato wanda ya tashi cikin rashi yakan rage burinsa har ya ce ya gamsu. Wani bincike da aka yayata a 2003 ya sa 'yan Najeriya a sahun gaba wajen farin ciki a duniya, kuma a inda tarbiyya da addini suka koya wa mutum ya amsa da godiyar Allah ko da bai ci abincin dare ba, mai mulki zai iya fakewa da haƙurin jama'a ya ce komai lafiya. Saboda haka dole a karanta wannan maki tare da alƙaluman mutuwar yara da na zuwa makaranta, kuma hukumar ƙididdiga mai cin gashin kanta ce ya kamata ta tattara shi. A Birtaniya, tun 2011 ofishin ƙididdiga ke yin tambayoyi huɗu daban, ɗaya kan gamsuwa da rayuwa, ɗaya kan ko abin da mutum ke yi yana da ma'ana, sauran biyun kuma kan farin ciki da fargabar da ya ji jiya.