Abin da hasashen hadarin la'asar a gaɓar teku ke koya wa mai aikin

Duk wanda ya zauna kan aikin hasashen yanayi a gaɓar teku mai zafi da laima, irin su Fulorida da gaɓar Tekun Meziko a Amurka, ko kudancin Sin, ko gabashin Ostireliya, zai gane cewa kayan haɗa hadari ba sa yankewa a lokacin zafi. Zafi na nan, danshi na nan, iska kuma kullum a shirye take ta haura sama. Saboda haka tambayar "za a yi ruwa yau?" ba ta kai mutum ko'ina. Za a yi, a wani wuri. Aikin shi ne a faɗi ina, da ƙarfe nawa, da kuma inda hadarin zai dosa.

A fara da danshi, don a nan ne sabon shiga ke yawan tuntuɓe. Lambar nan ta kashi cikin ɗari da ake nunawa a waya tana ruɗarwa. Da asuba, zafi na digiri 24 a ma'aunin Selshiyos, sai ta nuna kusan kashi 100. Da azahar zafi ya kai 34, sai ta sauko wajen kashi 56, mutum ya ɗauka iska ta bushe. Ko kaɗan. Tururin ruwan da ke cikinta yana nan yadda yake, iskar ce ta yi zafi. Abin dogaro shi ne matakin raɓa, wato sanyin da iska za ta sauka zuwa gare shi kafin raɓa ta fara zuba. Idan ya kai digiri 21, jiki ya fara danƙo. Idan ya kai 24, gumi ba ya bushewa yadda ya kamata, kuma bushewar gumi ita ce hanyar da jiki ke sanyaya kansa. Zafin 34 da matakin raɓa 24 jiki na jin sa kamar 40. Wannan lissafin ma na inuwa ne da 'yar iska. A cikin rana, inda ba inuwa, ana iya ƙara har digiri 8 a kai.

Matakin raɓa yana ba da wasu abubuwa biyu kyauta. Na ɗaya, da wuya sanyin dare ya sauka ƙasa da shi, domin da zarar raɓa ta fara zuba sai ta riƙa sakin ɗumi. Idan ruwan teku ya kai digiri 30, garuruwan bakin ruwa kan kwana a 26 ko 27, kuma irin wannan dare ne ke galabaitar da tsofaffi da marasa lafiya, don jiki bai huta ba kafin rana ta sake fitowa. Na biyu, gindin girgije: a cire matakin raɓa daga zafin iska, a ninka da mita 125. Zafi 33, raɓa 24, gindin girgije na wajen mita 1,100.

Daga nan sai bayanin balan-balan mai ɗauke da na'urar auna yanayin sama da ake saki sau biyu a rana, ƙarfe 12 na dare da 12 na rana agogon GMT. A Fulorida na biyun yana faɗowa ƙarfe 8 na safe, daidai lokacin da ake buƙatarsa. Abin da ido ke fara kaiwa gare shi shi ne ƙarfin tashin iska, wanda ake gajartawa da CAPE. A irin wannan yanki yakan kai 2,000 zuwa 3,000 kusan kowace rana, har da ranakun da ko ɗigo bai sauka ba, don haka ba ya raba gardama. A ganina ya fi kyau a fara duba jimillar ruwan da ke rataye a sama, daga ƙasa har ƙoli. Idan ta haura milimita 50, hadari zai yi yawa, ya kuma zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Idan ta gaza milimita 38, gajimare zai taso ya yi ta ƙoƙari, busasshiyar iskar da ke tsakanin kilomita 3 zuwa 6 tana cinye shi ta gefe. Ƙurar Sahara da ke ƙetara Tekun Atlantika a watannin Yuni da Yuli haka take yi: tana kawo ɗumi da bushewa a sama, ta zama marfi. Ranar da ta iso a rage hasashen ruwa, a ƙara na zafi, tunda babu girgijen da zai tare rana. Sai a duba zafi a matakin milibar 500 na matsin iska, wato tsayin kilomita 5 zuwa 6 a sama. Digiri 6 ƙasa da sifiri abu ne na yau da kullum. Idan ya kai 9 ko 10 ƙasa da sifiri, a sa ran aradu mai yawa da ƙananan ƙanƙara.

Amma mai yanke hukunci ita ce iskar teku. Ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi. Da hantsi, idan ta zarce teku da 'yan digiri, iskar da ke kanta takan yi sauƙi ta tashi, sai mai sanyi daga teku ta kutso ta ƙarƙashi. Kaurin wannan iska bai cika wuce kilomita ɗaya ba, amma gabanta kamar bakin garma yake, yana ɗaga duk iskar da ya tarar. A hoton tauraron ɗan'adam ana ganin ta sarai: bakin teku ya washe tas, ba ko ɗigon gajimare, sai can ciki a ga jerin ƙananan girgije sun yi sahu a layi ɗaya da gaɓa. A rada kuma siririn layi ne mai dishi-dishi, ƙwari ne da iskar ta tattara. Inda ƙasa ta tsunkuyo cikin teku, iskoki daga gefe biyu na haɗuwa, hadari na fara tashi a nan. Inda teku ya shigo cikin ƙasa kuwa, iskar warwatsuwa take yi, sama ta daɗe a washe.

Inda wannan layi zai tsaya ya dogara ne da matsakaiciyar iskar da ke kaɗawa daga ƙasa zuwa wajen kilomita 3, ita kuma tana bin inda babban tudun matsin iska na teku, wato yankin da matsin iska ya fi yawa, ya kwanta. Fulorida ce misali mafi fito da abin fili, don teku na gefenta biyu. Idan iska daga gabas take, iskar tekun Atlantika takan ruga cikin ƙasa da wuri, ta yamma kuma ta maƙale kusa da gaɓa, sai su yi karo a wajen birnin Tampa, a gaɓar yamma, da yamma liƙis. Idan daga kudu maso yamma take, gaɓar yamma na samun yayyafin safe, hadarin la'asar kuma ya faɗa gaɓar gabas. Idan iska ta yi lumus, karon a tsakiya ake yi, wajen Orlando, hadarin ya tsaya wuri guda ya zazzage milimita 50 zuwa 75 cikin awa ɗaya, unguwar da ke maƙwabtaka kuma ƙasarta a bushe. Wani abin lura: iskar da ke kaɗawa daga tudu zuwa teku, idan ba ta yi ƙarfi ba, ƙara wa gaban iskar teku kaifi take yi. Idan ta yi ƙarfi sosai sai ta hana ta shigowa gaba ɗaya, kuma a irin wannan rana ce garin bakin ruwa ke fin na ciki zafi. Wanda ya dogara da abin da aka saba zai gaza da digiri 3 ko 4.

Da zarar hadarin farko ya tashi, hasashen safe ya fara tsufa. Tunda iskar sama ba ta da ƙarfi a wannan lokaci, kowane hadari minti 30 zuwa 60 yake yi ya mutu, ruwansa ya kashe iskar da ke ciyar da shi. Sanyin da ya zubo yakan bazu ta kowane gefe, gabansa ya zama sabon bakin garma. Inda biyu daga cikin waɗannan layuka suka haɗu, ko ɗaya ya haɗu da iskar teku, nan ne hadari mafi ƙarfi na ranar zai tashi, sau da yawa cikin minti 20 zuwa 30. Daga azahar, zana waɗannan layuka a kan taswira ya fi sake duba lissafin kwamfuta amfani.

Walƙiya sai da ƙanƙara a cikin girgije. Idan rada ta nuna ƙarfin 35 zuwa 40 dBZ, ma'aunin amon da ke dawo mata daga girgije, a tsayin da sanyi ya kai digiri 10 ƙasa da sifiri, wajen kilomita 6, aradun farko na nan tafe cikin minti 10 zuwa 20. Tana iya faɗuwa kilomita 15 daga hadarin, inda rana ke haskawa, shi ya sa ake jiran minti 30 bayan tsawar ƙarshe kafin a koma fili. Busasshiyar iskar tsakiyar sama da na ambata tana da fuska biyu: tana rage yawan hadari, amma wanda ya samu ya ratsa ta yakan sako guguwar da ke faɗowa tsaye ta fashe a ƙasa da gudun kilomita 90 a awa ko fiye. Irinta ce ta kayar da jirgin fasinja jim kaɗan da tashinsa daga birnin New Orleans na Amurka a watan Yulin 1982, mutum 153 suka rasu.

Lissafin kwamfuta na duniya baki ɗaya, mai tazarar kilomita 9 zuwa 13 tsakanin wuraren da yake lissafawa, ba ya ganin hadari ɗaya-ɗaya, kintace yake yi, ya shafa ruwa kaɗan-kaɗan ko'ina. Mai tazarar kilomita 3 yana zana hadari kamar gaske, wannan kuwa shi ne haɗarinsa: yakan dace da fasalin ranar, ya kuskure wuri da kilomita 30, lokaci da awa ɗaya ko biyu. Abin da ya fi ɓata shi shi ne ragowar girgijen jiya da ya kwana ya tare ranar safe, ko ƙasar da ta sha ruwa, wadda ke kashe zafin rana wajen busar da kanta. Idan ƙarfe 11 ta yi zafi na ƙasa da hasashe da digiri 2, a jinkirta lokacin hadari, kada a soke shi. Da dare kuma abin juyawa yake yi: ƙasa ta huce, iska ta koma teku, hadari ya tashi a kan ruwa kafin asuba, don haka hasashen masunta da na mutanen tudu ba sa zama awa ɗaya.