Talata: kalmar da aka rubuta a fayil ɗin Inna

Ban gama karyawa ba Yaya ya kira ni daga asibiti, muryarsa tana rawa. Tun jiya aka kwantar da Inna saboda sukarinta ya hau, shi kuma ya leƙa fayil ɗinta ya ga nas ta rubuta "drowsy but rousable". Harafi-harafi ya karanto mini. A zatonsa doguwar suma ake nufi, an sakaya mana ne da Turanci.

Na ce, "Yaya, kwantar da hankalinka. Cewa suka yi barci na fizgar ta, amma in an kira sunanta ko an taɓa ta tana farkawa." Da "unrousable" aka rubuta, wato an yi an yi ba ta motsa ba, da ban je aiki ba. Ma'aikatan jinya ba su wasa da wannan bambanci, har ma'auni gare su, wanda likitoci biyu suka fito da shi a Glasgow a 1974. Ana duba buɗe ido da magana da motsi, a ba da maki daga 3 zuwa 15. Ya kamata a riƙa yi wa 'yan jinya bayani da harshensu, don kalma ɗaya ta isa ta tsinka zuciyar iyali. Kafin na fita ya sake kira, ya ce ta sha kunu, alhamdulillahi.

Da wannan a raina na shiga aji biyu na babbar sakandare, sai na ajiye darasin da na shirya, na rubuta "rouse" a allo. Furucinta "rauz" ne. Duk sun san "wake", kalmar yau da kullum, wadda mutum kan yi da kansa ko a yi masa. Ita "rouse" ta fi nauyi, kuma galibi akwai mai tayarwa, akwai kuma wahala a tayarwar, kamar masu kiɗan da ke zaga unguwa lokacin sahur. Ko Bature ya ce "he roused himself", nufinsa mutumin ya yi ta maza ne ya yakice kasala.

Daga barci kalmar ta wuce zuwa zuciya. "A rousing speech" jawabi ne mai zaburar da jama'a, yabo ne. Amma "rabble-rouser" zargi ne, mai tunzura mutane ke nan. Na daɗe a kan wannan, domin yaran nan suna karanta labaran siyasa a waya, kuma ina so su gane lokacin da ɗan jarida yake yabon mai magana da lokacin da yake sukarsa.

Wata ɗaliba ta tambaya ko ɗaya suke da "arouse". 'Yan uwa ne, amma "arouse" ta fi tafiya da abin da ke tasowa a rai: zargi, son sani, fushi. Na ja musu kunne kada su yi amfani da ita a kan mutum kai tsaye, don a Turancin yanzu tana ɗauke da ma'anar motsa sha'awa. In ƙanenka ka tasa daga barci, "woke" ko "roused" za ka rubuta.

Asalin kalmar ne ya fi burge su. A ƙarni na 15 masu farauta da shaho a Ingila ke faɗar ta, idan tsuntsun ya girgiza gashinsa. Daga baya ta koma koro dabba daga maɓoyarta, sai wajen ƙarshen ƙarni na 16 ta zama tayar da mai barci. Sojojin Birtaniya ma suna da busar begila mai suna The Rouse, wadda ake yi bayan wata busar mai suna Last Post a taron tunawa da mazan jiya na watan Nuwamba.

Na ba su aikin gida, kowa ya kawo jimla biyu, ɗaya ta barci, ɗaya ta zaburarwa. Gobe in Allah ya kai mu da "arise" da "arose" zan fara, don na ga da yawansu suna haɗa su da "arouse" a rubutu.