Kowane baki da irin maganarsa: darussa daga gyaran labari mai harsuna da yawa

Marubucin da ya tashi a Kebbi da wuya ya tashi da harshe ɗaya. A kasuwar Kamba ana jin Zabarmanci da Dandanci, a Zuru ana jin Dakarci, a rugage Fulatanci, a zaure kuma Larabcin malamai. Tun zamanin Abdullahin Gwandu ake rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa a wannan ƙasa. Wahalar tana zuwa ne lokacin da za a zuba duk waɗannan muryoyi a littafi ɗaya na Hausa, kuma mai karatu a Kano ko Zariya ya bi labarin bai yi tuntuɓe ba.

Abu na farko da aikin gyara ke koyarwa shi ne a raba bakin mai ba da labari da bakin mutanen cikin labarin. Mai ba da labari ya tsaya kan daidaitacciyar Hausa, karin harshe kuwa a bar shi cikin zance. Ko a zancen ma ba a kwashe karin duka a zuba. Alama uku ko huɗu sun isa a gane Bakabe, wato mutumin Kebbi: "munka" da "sunka", "tahi" a maimakon tafi, "ɗiya", "wanga". Tsohuwa ta ce wa jikarta, "Ɗiyata, tun da munka zo garin ga ba ki zamna ba," an riga an san inda ta fito. Amma wanda ya ce "munka" a shafi na 10 kada ya koma "muka" a shafi na 40, sai in labarin ya nuna dalili, kamar a ce yana gaban baƙo yana gyara baki. Dabarar da ke hana wannan kuskure ita ce a ware wa kowane mutum 'yar takarda, a rubuta alamominsa, a riƙa dubawa.

Akwai tarko a nan. "Mi kika so?" a bakin mutumin Gwandu tambaya ce kan abin da kike so yanzu, amma Bakano zai ɗauka abin da ya wuce ake nufi. Haka "mushe" a bakin ɗan Nijar, malamin makarantar boko yake nufi, daga Faransanci aka aro, mu kuwa dabbar da ta mutu ba yanka muka sani. Tun da rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, jimlar da ke kusa ita za ta warware ma'anar.

Kalmar wani harshe kuwa, a shigo da ita ne kawai in Hausa ba ta da madadinta. Golmo na Dakarkari misali ne. In aka ce "noman gidan surukai" an rage masa nauyi, don al'ada ce ta shekaru da ƙungiyar samari da gwajin jarumta. A bar kalmar, sai a nuna saurayi da abokansa a gonar uban yarinya tun da asuba, mai karatu zai gane da kansa. Baka biyu da fassara a tsakiyar zance suna kashe labari, su mayar da shi darasin aji. Gaisuwa kuma tana aiki da sauri: "Jam waali" ta Fulatanci ko "Fofo" ta Zabarmanci sau ɗaya a farkon haɗuwa, sauran hirar ta ci gaba da Hausa.

Kuskuren da ya fi ciwo shi ne sa wa wanda ba Bahaushe ba gurɓatacciyar Hausa a ko'ina. In Bafulatana biyu suna hira a ruga, da harshensu suke yi, kuma sun iya shi sarai. To a rubuta zancensu da Hausa mai kyau, a ba shi kunya da kawaicin Fulani, irin yadda uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Sai ɗayarsu ta shigo gari tallar nono ne za a iya nuna tana musanya "ya" da "ta", domin Fulatanci ba ya raba namiji da mace a wakilin suna. Wanda ya sa ta yi gwaranci har a ɗakinta ya mayar da mace mai hankali abin dariya, kuma masu karatu na wannan ƙabila suna lura.

Marubutan da suka ƙware sukan wuce kalma su ɗauko ginin tunanin harshen. Ahmadou Kourouma na Kodebuwa, a littafinsa na 1968, ya rubuta Faransanci amma a ƙarƙashinsa Malinke, harshen mutanensa, ake ji, har mutuwa ma "ƙarewa" ya kira ta yadda mutanensa ke faɗa. A Hausa ma ana iya yin haka da karin maganar Zabarmawa ko salon rantsuwarsu, muddin an juya shi ya zauna daidai a kunnen Bahaushe.

Kafin a kai wa maɗaba'a, duk jimlar da ba ta Hausa ba a karanta wa mai harshen da baki, a ga ko zai gyara. A kuma duba haruffa masu ƙugiya bayan an ɗauko rubutun daga waya zuwa kwamfuta, don ƙ da ɗ da ɓ sukan zube a hanya, Fulatanci kuma yana da ƙarin ŋ da ba kowane tsarin haruffa ke ɗauke da shi ba.