Daga Ballarat zuwa filin MCG tare da magoya bayan Richmond

Azumin watan Ramalana na shekarar 2025 ya riske ni a garin Ballarat da ke jihar Victoria ta ƙasar Ostireliya, inda na je ziyara wurin yayata da maigidanta. Ɗansu na fari, wanda aka tafi da shi can yana goye, ya zama saurayi ɗan shekara 15, kuma tun ranar da na sauka ba shi da zance sai na ƙungiyar Richmond da wasan da za ta buɗe kakar bana da shi. Wasan da yake nufi shi ne wanda mutanen ƙasar suke kira futi, ƙwallon da suka ƙirƙira da kansu a birnin Melbourne tun wajen shekarar 1859, wanda a jihar Victoria ya fi kowane wasa shiga ran jama'a. Da ya ce mini, “Kawu, idan ka koma gida ba ka ga Richmond a MCG ba, to ba ka ga ƙasar nan ba,” sai na amince za mu je MCG ɗin, wato babban filin wasa na Melbourne.

Ranar Alhamis, 13 ga Maris, bayan azahar, yayata ta ƙulla mana dabino da gurasa da gorar ruwa, muka nufi tashar jirgin ƙasa. Tsakanin Ballarat da Melbourne kilomita 110 ne da 'yan kai, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi a jirgin V/Line. Tun a bakin tasha na gane ba mu kaɗai muka nufi filin ba, domin taragon ya cika da masu baƙar riga mai ratsin rawaya daga kafaɗa zuwa ƙugu, wato rigar Richmond, sai kuma tsirarun magoya bayan Carlton, ƙungiyar da za a kara da ita, masu shuɗiyar riga mai duhu, waɗanda suka zauna gefe guda cikin natsuwar wanda ya tabbata nasara tasa ce.

Kafin jirgi ya bar gari ɗan yayata ya yi mini bitar dokokin wasan a taƙaice. Filin zagayayye ne mai siffar ƙwai, haka shi ma ƙwallon, kuma kowane ɓangare yana da 'yan wasa 18 a ciki. A kowane ƙarshen fili akwai dogayen sanduna huɗu; idan aka buga ƙwallo da ƙafa ya wuce tsakanin biyun tsakiya an sami maki 6, idan ya bi ta gefe an sami maki 1. Wanda ya cafe ƙwallon da aka bugo daga nisan mita 15 ko fiye kafin ya taɓa ƙasa, ba a taɓa shi har sai ya buga. Amma abin da ya fi muhimmanci ga fahimtar hirar da na saurara a ranar shi ne tsarin gasar: ƙungiyoyi 18 ne, babu wadda ake korawa zuwa ƙaramin rukuni, akwai iyakar kuɗin albashi da kowa ba ya ƙetarewa, sannan ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ita ce take fara zaɓe a cikin matasan da suka kai shekara 18 a faɗin ƙasar. Richmond ce ta zo ta ƙarshe a 2024, da nasara 2 kacal a wasanni 23.

Wani dattijo da ke zaune daura da mu, da mayafin wuya na ulu wanda rawayarsa ta koɗe har ta koma kamar ruwan ƙwai, ya ji bayanin da ake yi mini, ya tambaye ni ko yau ne zuwana na farko. Da na amsa, sai ya ce na zo a shekarar da ta dace, domin wanda ya fara bin ƙungiya tana ƙasa shi ne yake sanin daɗinta idan ta tashi. Ya ba ni labarin cewa yana cikin filin a 1980 lokacin da Richmond ta doke Collingwood ta ɗauki kofi, kuma daga nan sai da ya jira shekara 37 kafin ya sake ganin irin wannan rana. A 2017 suka doke Adelaide, a 2019 suka lallasa GWS da ratar maki 89, a 2020 kuma suka doke Geelong a birnin Brisbane, inda aka kai wasan ƙarshe saboda annobar korona. Yana lissafa shekarun nan da yatsunsa kamar mai lissafa 'ya'yansa.

Wani matashi da ke bayanmu, sanye da takalmin aikin gini, bai yarda da wannan kwanciyar hankali ba. Ya leƙo ta saman kujera ya ce shi abin da ya ƙona masa rai ba ritayar tauraronsu Dustin Martin ba ce, domin kowa ya san shekaru sun ja, kuma mutumin da ya buga wasa 302 ya ci lambar gwarzon wasan ƙarshe har sau uku ya cancanci hutu. Abin da ya dame shi shi ne yadda aka bar Shai Bolton ya tafi Fremantle, Liam Baker da Jack Graham suka tafi West Coast, sannan Daniel Rioli, wanda shi ne gwarzon ƙungiyar na 2024, ya bi tsohon kocinsu Damien Hardwick zuwa Gold Coast, duk a kaka guda. A ganinsa, an sayar da shanun da suke noma an sayo maruƙan da ba a san yadda za su girma ba, kuma yara ba sa koyon cin wasa idan babu manyan da za su nuna musu.

Dattijon ya saurare shi har ya kai aya, sannan ya amsa a hankali. Ya ce Bolton da Baker 'yan yammacin ƙasar ne, gida suke so su koma, kuma riƙe ɗan wasan da zuciyarsa ta riga ta tafi asara ce biyu. Abin da ƙungiyar ta karɓa a madadinsu, haɗe da damar da take da ita dama, shi ne ya ba ta zaɓen matasa shida a zagayen farko na watan Nuwamba: Sam Lalor na 1, Josh Smillie na 7, Taj Hotton na 12, Jonty Faull na 14, Luke Trainor na 21, da Harry Armstrong na 23. Ya tuna masa cewa a 2016 Richmond ta ƙare a matsayi na 13, jama'a suna ta kiran a kori Hardwick, amma shugabanni suka daure, shekara guda bayan haka aka ɗauki kofi. Saboda haka ya roƙe shi ya yi wa sabon koci Adem Yze irin wannan adalci, tunda a kakarsa ta farko rauni ya kwantar masa da 'yan wasa da yawa.

Jirgi ya wuce Ballan, muna ratsa filayen da rani ya mayar ruwan ƙasa, tumaki suna kiwo a ƙarƙashin manyan fankokin samar da lantarki. Daga nan hanya ta fara gangarowa cikin wani dogon lanƙwasa zuwa kwarin Bacchus Marsh, garin lambuna da gonakin itatuwa, kuma a nan ne hirar ta canja salo, domin garin su Sam Lalor ne. Wata mata ta shigo da 'ya'yanta biyu, ƙaramin yana sanye da riga mai lamba 22, lambar da aka ba Lalor. Ba a daɗe ba ta shiga zancen. Ta ce duk garinsu yau ido yana kan talabijin, amma ita abin da take tsoro shi ne yadda tun yaron bai buga wasa ko ɗaya ba ake kiransa sabon Martin, saboda ƙirar jikinsa da yadda yake ture mai tare shi da hannu ɗaya, salon da magoya baya suke yi wa laƙabi da “kada ka yi gardama”. Ta ƙara da cewa makonni kaɗan da suka wuce ya karye a muƙamuƙi a wasan share fage da West Coast, har sai da aka yi masa aiki, amma ga shi an saka shi a wasan farko.

A wannan gaɓa na fi karkata ga maganarta fiye da ta mazan biyu. Matashin yana kukan abin da ya wuce, dattijon yana dogaro da tarihin da babu tabbacin zai maimaita kansa, ita kuwa tana magana ne a kan yaro ɗan shekara 18 da ƙungiya mai rajistar mambobi kusan 100,000 ta ɗora wa burinta. Na lura cewa ba ta taɓa kiransa da lambar zaɓensa ba, da sunansa na yanka take kiransa, kamar yadda ake kiran ɗan maƙwabta. Ɗan yayata ma ya sa baki, ya ce Faull tare da Lalor suka yi wasa a ƙungiyar matasa ta Rebels da ke Ballarat, ya taɓa kallonsu, kuma Hotton sai an yi haƙuri da shi saboda bai gama warkewa daga raunin gwiwa ba.

Mun sauka a tashar Southern Cross, muka canja jirgi zuwa tashar Richmond. Daga nan tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintuna, ta gefen filin atisayen ƙungiyar da ke titin Punt, inda gunkin tsohon gwarzonsu Jack Dyer yake, sannan ta cikin itatuwan Yarra Park. Ginin MCG, mai ɗaukar mutum 100,000, ya bayyana a gabanmu da dogayen hasumiyoyin fitilunsa shida. Abin da na fara nema shi ne wurin salla, kuma wani ma'aikaci ya nuna mana ɗakin da aka keɓe don ibada, muka yi la'asar. Da muka fito ɗan yayata ya gaya mini cewa a 2012 Bachar Houli, Musulmi ɗan asalin Labanan wanda ya ci kofuna ukun nan tare da Richmond, shi ne ya nemi hukumar gasar ta tanadi irin waɗannan ɗakuna a filayen wasanninta. Ya ce saboda Houli ne ya zaɓi Richmond tun yana aji ɗaya, a lokacin da shi kaɗai ne mai azumi a ajinsu.

An take wasa da ƙarfe 7:30 na yamma a gaban 'yan kallo kimanin 80,000, rana ba ta gama faɗuwa ba. Kusan rubu'in awa da farawa lokacin shan ruwa ya yi, na kwance ƙullin dabino muka buɗe baki a kan kujerunmu, na miƙa wa mutumin da ke kusa da ni, ya karɓi biyu ya yi godiya idonsa na kan fili. Abin da yake kallo ba mai daɗi ba ne. Carlton, ƙarƙashin kyaftin ɗinta Patrick Cripps wanda shi ne gwarzon gasar na 2024, ta danne Richmond ta ko'ina, kuma bayan mun dawo daga sallar magariba ratar ta ci gaba da faɗaɗa har ta kai maki 41 kafin hutun rabin lokaci. Wani a bayanmu ya ce masu sharhin da suka yi hasashen Richmond ba za ta ci wasa ko ɗaya ba a bana sun yi gaskiya. Ɗan yayata ya sunkuyar da kai, ya cusa hannayensa cikin aljihu, bai ce uffan ba.

Daga nan al'amari ya juya, kuma ko ni da ban gama sanin dokokin ba na ga yadda ya juya. 'Yan Richmond suka daina ja da baya, suka riƙa rufar wa duk wanda ya riƙe ƙwallo kafin ya ɗaga kai, Carlton kuma ta riƙa ɓarar da damarta tana tara maki ɗai-ɗai. Kyaftin Toby Nankervis, dogon da yake tsalle a tsakiya idan alƙali ya jefa ƙwallo, ya tsaya tsayin daka, tsofaffin hannu irin su Nick Vlastuin suka riƙe baya. Lalor ya ci ƙwallo biyu masu maki 6 a wasansa na farko, kuma duk lokacin da ya taɓa ƙwallo sai wani gurnani ya tashi daga ɓangarenmu, irin na mutanen da suke son su yi murna amma suna tsoron kada su yi gaggawa. Da Seth Campbell ya ci wanda ya rufe wasan, ya yi alkafura a gaban jama'a, sai filin ya ɓarke. An tashi Richmond na da maki 82, Carlton na da 69. Aka saki taken ƙungiyar, dubban mutane suka haɗa murya, suka daka tsawa a wurin da ake ambaton rawaya da baƙi, ɗan yayata yana riƙe da kafaɗata yana cewa, “Kawu, ka gani? Ka gani?”

A jirgin dare na komawa mun sake haɗuwa da matashin nan da matar Bacchus Marsh, amma ban ga dattijon ba. Na zaci nasarar ta kashe gardamar, ashe sabon babi ta buɗe. Matashin ya yarda cewa yaran sun ba shi kunya, sai dai ya ce wasa ɗaya ba kaka ba ne, kuma jikin ɗan shekara 18 ba ya jure karo da manya har watan Agusta. A lissafinsa, idan an ci wasa biyar ko shida a bana an yi abin kirki. Wani ya ce abin da ya fi faranta masa rai shi ne natsuwar Trainor a baya, wani kuma ya dage cewa makomar ƙungiyar tana ga wanda zai gaji Tom Lynch a gaba, ko Armstrong ko Faull. Matar ba ta ce komai a kan makoma ba. Ƙaramin ɗanta ya yi barci a cinyarta, lamba 22 ta tattare a bayansa, kuma da jirgi ya tsaya a garinsu ta saɓa shi a kafaɗa ta yi mana sallama.

Mun isa Ballarat bayan tsakar dare, iska mai sanyi tana kaɗawa a tashar, maigidan yayata yana jiranmu a mota. Da asuba, muna sahur, ɗan yayata ya ɗauko takarda ya rubuta mini sunayen matasan nan shida da lambar rigar kowannensu, ya ninke ta ya sa a aljihun jakata, ya ce in na koma gida in riƙa duba sakamakonsu kowane mako, zai tambaye ni.