Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Lahadin da muka yi a Yankari

To jama'a sannunmu da sake haɗuwa. Makon jiya na tsaya a inda Baba ya karɓi kuɗin hutunsa ya ce bana kafin Kirsimeti zai kai mu Yankari mu ga giwa da idonmu. Disamban 2003 ke nan, ina aji biyu a sakandare, lokacin ma wajen yana hannun gwamnatin tarayya, sai a 2006 aka mayar wa jihar Bauchi.

Ni fa murnar da nake yi ba ta giwa ba ce. Lissafina shi ne kwana uku ba tashin ƙarfe biyar, tunda a gidanmu na Jos ko hunturu zai tsaga dutse sai ka fito falo addu'ar safe, Mama ta ja waƙa, Baba ya karanta aya, kowa ya yi addu'a bi da bi har auta da take gyangyaɗi a tsaye. Ina ganin Mama ta cusa Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi a jakar da aka sa kilishi da burodi, jikina ya yi sanyi.

Ranar Asabar muka ɗau hanya a tsohuwar fijo 504 ɗin Baba, kafin ya murɗa makulli sai da muka riƙe hannu aka karanta Zabura 121. Muka bi ta Bauchi, daga Dindima muka kauce sai Mainamaji, bakin ƙofar dajin. Da yamma muka faɗa ruwan Wikki, kai jama'a, ruwan nan garau kana ganin yashin ƙasa, ga ɗumi, digiri 31 yake rani da damina, Yaya sai da Mama ta yi masa tsawa sau uku ya fito.

Washegari Lahadi na ƙudundune a bargo ina cewa yau dai babu coci a tsakiyar daji. Sai ƙwanƙwasa. Na ce "Baba ai hutu muka zo." Ya ce "Kai ka zo hutu, shi wanda ya tashe ka da rai yau bai je hutu ba. Wanko fuskarka."

A barandar masaukin aka yi sujada cikakkiya, ba ragi. Yaya ne mai jan waƙa, ni mai karatu, Baba ya zaɓi Zabura 104 inda ake maganar maɓulɓulan ruwa da namun jeji suna sha, gaskiya ranar na fara jin karatun ya shige ni, don ga abin nan a gabana, mugun dawa da 'ya'yanta suna kiwo kusa da motarmu. Har baiko aka yi fa! Mama ta zagaya da murfin kula, na jefa naira ashirin ɗin da nake ɓoyo don alewa, ta ƙulle kuɗin a bakin zani ta ce sai mun koma za ta miƙa a coci, kuma ta miƙa ɗin, a gabana.

Matsalar a addu'ar rufewa ta zo. Baba in ya fara ba ya gajartawa, ya yi wa Najeriya, ya yi wa fasto, ya yi wa Zumuntar Mata, yana kan marasa lafiya muka ji auta ta ƙwalla ƙara. Muna buɗe ido wani ƙaton gwaggon biri ya sunkuci ledar burodin karin kumallonmu gaba ɗaya, ya koma gefe ya zauna yana ci yana kallonmu kamar shi ya saya. Mama ta ce "Baban yara, ka ce amin mana!" Baba ko gezau, sai da ya kai ƙarshe. Da ya gama ya dube mu ya ce ai Yesu cewa ya yi a yi tsaro a yi addu'a, mu muka ɗauki ɗaya muka bar ɗaya. Daga nan har muka tafi ni aka naɗa mai tsaro, ana addu'a ina riƙe da sanda ido buɗe, kuma ba a yafe mini tawa addu'ar ba.

Giwar kuwa sai ran Litinin muka hango su can nesa wajen kogin Gaji. Mako mai zuwa zan ba ku labarin yadda fijon ta mutu mana a hanyar dawowa, da mai gyaran tayan da ya kwantar da mu a gidansa.